Hoton da bai kamata in rubuta ba

Wata uku ke nan, amma har yau idan na ɗauki takardar neman hoto sai na tuna da yarinyar nan 'yar shekara uku da aka kawo mana sashen gaggawa na yara, a asibitin da nake aiki a Jos, cikin wani dare na hunturu. Daga benci ta faɗo a tsakar gida, goshinta ya yi ƙulu, ta yi amai sau ɗaya a hanya. Da na duba ta, garau take, har tana miƙa hannu za ta fizge abin awon da ke wuyana. Ba ta suma ba, babu jini ko ruwa daga kunne ko hanci. Abin da ya dace shi ne a kwantar da ita, a sa mata ido na awa huɗu zuwa shida.

Mahaifinta, mai sayar da kayan gwari a Farin Gada, bai gamsu ba. "Likita, don girman Allah a duba cikin kan nan, ko nawa ne zan nemo." Ga gajiya, ga tsoron kada wani abu ya biyo baya a ce na yi sakaci, sai na rubuta hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka da haske irin na X-ray. Bawan Allah ya fita cikin sanyin nan ya ranto kuɗi, yarinya ta ƙi kwanciya a na'ura sai da aka ba ta maganin barci, hoto kuma ya fito babu komai.

Da safe babbar likitarmu ta karanta fayil ɗin, ta ɗago kai ta ce, "Dakta, me kake nema a hoton nan?" Na rasa amsa, domin gaskiya kwanciyar hankalina na nema, ba ciwon yarinya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san karatun. Na san binciken da aka yi a Amurka, aka buga a 2009, kan yara sama da 42,000, wanda ya nuna cewa yaro irin wannan kusan ba ya buƙatar hoto. Na san wanda aka fitar a Ingila a 2012, da ya ƙiyasta ƙarin sankarar jini ɗaya da ciwon ƙari na ƙwaƙwalwa ɗaya cikin kowane hoton kai 10,000 na yara 'yan ƙasa da shekara goma. Haɗarin kaɗan ne, amma jikin yaro yana cikin girma, hasken na'urar ya fi yi masa illa, kuma ni na ɗora mata shi ba gaira ba dalili, haɗe da maganin barcin da ya ɓoye mana ainihin abin da ya kamata mu lura da shi, wato hayyacinta.

Ba wai na daina rubuta CT ba ne. Yaron da babur ya buge, ko wanda amai ya ƙi tsaya masa, ko barci ke ta rinjayarsa, ba na jinkiri a kansa. Ciwon ciki kuwa da sikanin nake farawa, tunda babu wannan hasken a cikinsa. Amma idan uba ya matsa, yanzu kujera nake ja in zauna kusa da shi, in ce, "Baba, ga alamomin da muke jira, duk bayan rabin awa zan dawo mu duba ta tare." Minti goma kacal wannan bayanin ke ci, kuma su ne na hana mahaifin yarinyar nan a daren da ya tafi neman bashi.