Yadda na shawo kan littafin rubutuna da ya ƙi daidaita tsakanin waya da kwamfuta

Na rubuta bayanan wani taro a manhajar rubutu da ke wayata, da na buɗe kwamfuta sai na tarar shafin bai iso ba. Gyaran da na yi a kwamfutar ma bai koma wayar ba. Littafi ɗaya ya rabu biyu, kowanne yana cin gashin kansa, ga wata 'yar alamar gargaɗi maƙale a jikin sunan littafin.

Kafin in taɓa komai, na shiga asusuna ta burauza. Dalili kuwa, waya da kwamfuta ba sa magana da juna kai tsaye. Kowacce tana riƙe da kwafi ne, ainihin littafin yana can kan sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu da ke intanet, can kowa yake kai nasa ya ɗebo na wani. Idan aikin kwamfuta ya isa can, na waya bai isa ba, to wayar ce da laifi. Ni kuwa sai na ga babu ko ɗaya, littafin ya tsaya cak a inda yake tun makon da ya wuce. Ashe matsalar tana cikin asusun ne.

Duk wanda na gaya wa, shawararsa ɗaya ce: ka fita daga asusun ka sake shiga, ko ka goge manhajar ka sake saukewa. Wannan shawara tana da haɗari. Shafin da bai hau saba ba, a cikin na'urar kaɗai yake zaune, kuma goge manhajar ko share bayananta yana iya tafiya da shi har abada. Don haka na bi sababbin shafukan ɗaya bayan ɗaya, na kwafe su na tura wa kaina ta imel. Aiki ne mai gundura, amma sai da na gama shi hankalina ya kwanta.

Na duba ƙananan abubuwa a gurguje. Agogon na'ura in ya kauce sosai, sabar tana iya ƙin amincewa da haɗin. Tsarin tattalin batir da na tattalin data kuma suna hana manhaja aiki idan ba a buɗe take ba. Duk lafiya lau.

Ma'ajiyar asusuna da ke intanet ce ta cika maƙil. Wurin da ake bayarwa kyauta ba shi da yawa: OneDrive da iCloud gigabait 5 kowanne, Google kuma 15, wanda Gmail da Drive da Photos suke rabawa. Rubutu zalla ba ya cin wuri. Hotuna da bidiyon da wayata take lodawa da kanta ne suka cinye komai, littafin ya rasa inda zai sa ƙafa. Na goge bidiyoyi da dama, amma lissafin bai motsa ba, sai da na zazzage kwandon shara, domin abin da ke ciki ana ci gaba da lissafa shi. A Google Drive, alal misali, fayil yana yin kwana 30 a kwandon kafin ya goge da kansa.

Daga nan littafin ya fara motsi, ban da sashe guda da ya kafe. Na buɗe sabon sashe, ina kwafo shafukan a hankali, ina jira kowanne ya hau. Duk suka wuce sai wanda na liƙa wa doguwar murya da na naɗa. Na ciro muryar na ajiye ta daban, na bar mahaɗinta a shafin, shi ke nan.

Shafukan da na taɓa a wuri biyu sun fito bibbiyu. Da hannu na haɗa su. A ganina hakan ya fi, don ba na son manhajar da za ta zaɓar mini wanda zai tsira.

Ana cikin haka abokin aikina ya turo mini mahaɗin littafin da muke rubutu tare, na danna aka ce ba ni da izini. Asusu biyu gare ni, na ofis da nawa na kaina, shi ya ba na ofis izini, burauzar kuma ta shigar da ni da ɗayan. Na buɗe tagar sirri ta burauzar, wadda ba ta shigar da mutum kowane asusu da kanta, na shiga da na ofis, littafin ya buɗe, sai dai karatu kawai. Ya koma ya canja izinin zuwa na gyara.

Wannan ya sa na duba inda kowane littafina yake zaune. Asusun ofis ko na makaranta mallakar hukumar ne, ranar da mutum ya bar wurin ana iya rufe shi da duk abin da ke ciki, shi ya sa na kwashe rubuce-rubucena na kaina daga can. Na sabunta manhajojin duka, tun da tsohon zubi ma yana jawo cikas; alal misali, Microsoft ya daina kula da tsohuwar manhajarsa ta rubutu, OneNote for Windows 10, tun 14 ga Oktoba, 2025. Sassan da na kulle da kalmar sirri kuwa, na rubuta kalmomin a wuri amintacce, domin a OneNote in ka manta ta sashe, ko kamfanin ba ya iya buɗe maka.