Abin da na kwaso daga ajin manya

A wannan makon na miƙa makullin aji, na ajiye aiki a cibiyar da na koyar da darasin zamantakewa a ajin manya. An dame ni da tambayar me ya yi zafi, to ga shi.

Manhajarmu tana da babi a kan haƙƙin ɗan Adam, bisa kundin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 1948. Shugabanmu hadda yake so: sashe na 26 ilimi, sashe na 23 aiki da lada na adalci, a zuba a jarrabawa, a samu makin da za a nuna wa masu ba da tallafi. Amma dattijon da ya wuni yana aikin ƙarfi kafin ya zo aji da dare ba ya haɗiye magana haka nan. Kana karanta masa sashe na 23 zai ce, "Malam, ni fa ubangidana ya riƙe mini albashi, ina wannan dokar take?" Sai na bar su suna kawo nasu, muna gwada shi da abin da ke rubuce, har muka koyi rubuta takardar koke: kwanan wata, hujja, sa hannu, a ajiye kwafi.

Takardar farko da suka rubuta, cibiyarmu suka aika wa. Bayani suka nema kan kuɗin da ake karɓa babu rasit kafin a ba mutum takardar shaidarsa. Cikin ladabi suka yi ta, babu zagi ko ɗaya.

Shugaba ya kira ni ofis ya ce, "Malam, karatu muka ɗauke ka ka koyar, ba zuga mutane ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai yana cikin manhaja." Washegari aka raba ni da ajin, aka bar ni da rajista.

Abin da ya fi ci mini rai, mutumin nan bakinsa ba ya rabuwa da sunan Paulo Freire, masanin koyar da manya, a wurin taro. Freire ɗin da a 1963 ya koya wa ma'aikata kusan 300 karatu a Angicos ta ƙasar Birazil, lokacin da wanda bai iya karatu ba ba shi da ƙuri'a, sojoji kuma suka ɗaure shi bayan juyin mulkin 1964. Ko ya san dalilin ɗaurin, oho.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka gyara wa babba kuskure a gaban 'ya'yan cikinsa. Wanda ya daina zuwa, yawanci aiki ne ya canja masa lokaci, ka neme shi. Duk umarnin da aka ba ka da baki, ka roƙa a rubuta maka.

Kuɗin nan kuwa an daina karɓa, shiru-shiru. A rahoton ƙarshen shekara na gan shi cikin gyare-gyaren da shugaba ya kawo.