Ganyen mangwaro ya kusa cinye mini alayyafo a Ojo

Shekara shida ke nan ina lambu a wani fili da na karɓa haya a Ojo, cikin Legas. Ƙasar rairayi ce. Ruwan Yuni da Yuli idan ya sauko, wanke takin yake yi ya bar ka da yashi fari fat. Ni kuwa na taso ina ganin yadda gero ke ƙoshi a gindin gawo a gonarmu ta Katsina, don haka na ɗauka kowace bishiya taki ce.

Na dasa mangwaro huɗu a gefe. Na riƙa kwaso busasshen ganye daga maƙwabta, na haɗa da garin katako na binne a kunyoyi. Mako uku, alayyafona ya yi rawaya, ya tsaya cak. Hankalina ya tashi, domin da shi nake biyan haya.

Wani dattijo da ya riga mu zuwa ya tona kunyar da yatsa, ya fito da ganyen ko ruɓewa bai fara ba. Ya ce, "Ɗana, ka ba ƙasa tuwo ba miya."

Daga baya na fahimci maganar. Bishiya na zuƙo kabon, sinadarin da ke cikin gawayi, daga iska, ta ajiye a ganye da saiwa, shi ne ke mayar da ƙasa baƙa idan ya ruɓe. Amma ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sai da naitirojin, sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Ganyen mangwaro da garin katako ba su da shi sosai, sai halittun suka wawushe na ƙasar, shuka ta tashi a tutar babu. Gawo dangin wake ne, saiwarsa na kama naitirojin daga iska, shi ya sa gero ke ƙoshi a gindinsa.

Wata maƙwabciya Bayarbiya ta ba ni sandunan agunmaniye, itacen da suke shinge da shi, shi ma dangin wake kamar gawo, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi shekaru tana gwadawa tsakanin kunyoyin masara. Na kafa su layi-layi, ina sassabe su kafin su yi inuwa, in shimfiɗa ɗanyen ganyen a sama. Busasshen kuma sai ya ruɓe a rami da kashin kaji tukuna.

A damina ta uku na fara ganin tana a bakin fartanya. Ƙasar ta yi duhu kamar tsawon yatsa, tana riƙe laima har la'asar. Kashin kaji dai ban daina saye ba, yuriya ce na rage.