Ranar da muka shiga cikin inji na biyu

Talata, tsakiyar hunturu

Yau ne inji na biyu na tasharmu mai samar da lantarki da gas ya huce sosai har aka ba mu izinin shiga cikinsa. Tun ƙarshen mako aka kashe masa wuta, bayan tashar ta sami amincewar cibiyar kula da babban layin lantarki na ƙasa da ke Oshogbo, amma ba a bar shi ya tsaya cik ba, domin dole ne ƙaramin injin juyi ya ci gaba da mirgina shaf ɗin, wato dogon ƙarfen da ke juyi a tsakiyar injin, a hankali har zafin ya fita daidai ta kowane gefe. Idan aka bar shaf mai nauyin tan da yawa a tsaye da zafinsa, samansa kan fi ƙasansa zafi, sai ya ɗan lanƙwashe, kuma wannan lanƙwasa da ido ba ya gani ta isa ta sa injin ya yi ta kakkarwa ranar da aka tayar da shi.

Bayan sallar asuba na karɓi takardar izinin aiki. An rufe bawul ɗin gas, an fitar da ragowar da ke cikin bututu, an kulle na'urar kashe gobara mai fesa iskar kabon don kada ta tashi alhali mutum yana ciki, sannan kowannenmu ya rataya kwadonsa ya sa makullin a aljihu. Ban yarda wani ya auna mini iskar ciki ba, ni da kaina na riƙe na'urar na karanta.

Mun fara da ɗakin tace iska, kuma nan ne hunturu ya nuna mana aikinsa. Inji irin namu yana zuƙar iska fiye da kilo 500 a kowace daƙiƙa, a kuwa wannan lokaci iskar tana ɗauke da ƙurar da ke tasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi. Filtocin sun yi fari fat, wasu kuma sun toshe har ma'aunin bambancin matsin iska ya kusa kaiwa iyakarsa. Abin da ya fi damuna shi ne wani siririn layin ƙura da na gani da tocila a ɓangaren da ya kamata ya kasance tas, alamar cewa robar bakin filta ɗaya ta saki, iska tana wucewa ba tare da an tace ta ba. Ƙurar da ta tsere ta nan kan manne a fukafukan kwamfareso, wato ɓangaren da ke matse iska kafin ta shiga ɗakin ƙona gas, wanda ke da jeri 16 kuma yake cinye fiye da rabin ƙarfin da injin ke samarwa, don haka ƙazanta kaɗan a jikinsa tana rage megawat da yawa tana kuma ƙara shan gas.

Da hantsi na shiga ɗaya daga cikin manyan ɗakunan ƙona gas guda biyu, tare da dattijon makanikin da ya fi kowa daɗewa a tashar. Bangon ciki an jera masa tubalan yumɓu masu jure wuta, domin iskar da ke fita daga nan zuwa fukafukan tabain, waɗanda take turawa su juya shaf, zafinta ya haura digiri 1,000. Dattijon yana bin tubalan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa a hankali yana saurare, kamar mai sayen tukunya a kasuwa, ni kuma ina biye da shi da ma'auni da littafi. Da ya kai kan wani tubali sai ya tsaya ya ce, “Injiniya, zo ka saurari wannan.” Na ce, “Baba, tsagar ai gajera ce a fuska.” Ya ce ta ciki ta fi ta waje. Da muka cire shi, tsagar ta ratsa har kusa da inda ƙarfe ke riƙe shi, maƙwabcinsa ma haka. Da ɓarin wannan tubali ya faɗo alhali shaf yana juyi 3,000 a minti ɗaya, da ya bi ta jerin fukafukan tabain guda huɗu ya yi musu ɓarnar da sai an buɗe injin gaba ɗaya an jira kaya daga ƙasar waje.

Bayan azahar muka zura kyamara mai dogon wuya ta ramukan dubawa. Wannan aiki yana bukatar natsuwa, domin mutum ɗaya yana juya shaf kaɗan kaɗan, ɗayan yana kallon allo yana duba kowane fiffike daga tushe har kai, yana neman tsaga, ko inda rufin kariyar zafi ya ɓare, ko ramin sanyaya da ya toshe. Mun ga ɓarewar rufi a wurare kaɗan a jerin farko, duk ba su wuce abin da littafin injin ya yarda da shi ba, na ɗauki hotunansu na rubuta lambobinsu domin a gwada da dubawa ta gaba. Wani walda da na yi shakkarsa kuma mun shafa masa jan ruwan gwaji, muka goge, muka fesa farin, bai nuna komai ba.

Da la'asar na kai rahoto ga shugaban sashenmu, na nemi a ƙara mana lokaci don a canza tubalan biyu a kuma sake duba robar filtoci duka. Ya tuna mini cewa kowace rana da injin ke kwance garuruwa ne ke rasa wuta, kuma gaskiya ya faɗa, tunda kaso mafi tsoka na lantarkin Najeriya daga tashoshin gas yake fitowa, madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru suna cike sauran. Na ce, “Yallaɓai, awannin da ke kan agogo ba su ne shekarun injin nan ba.” Duk tayarwa, da duk mutuwar bazata da yake yi idan babban layi ya faɗi, ana lissafa su a matsayin ƙarin awanni, saboda ƙarfe mai zafi da aka sanyaya farat ɗaya yana gajiya fiye da wanda ya yi ta aiki a natse. Ya duba hotunan tubalin ya sa hannu.

Ina yawan tunanin abokan sana'a da ke tashar Maiduguri mai megawat 50 da aka buɗe a 2023, inda ƙurar ta fi tamu kauri, da kuma tashoshin da ake sa ran ginawa idan bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614 ya fara aiki. Za su bukaci matasan da suka koyi irin abin da dattijon nan ya nuna mini yau, shi ya sa na roƙi a haɗa shi da yaran da ke koyon aiki gobe idan za a dasa sababbin tubalan. Bayan an gama dasawa za mu wanke kwamfareso da sabulunsa na musamman da tataccen ruwa, kuma na riga na sanar da ɗakin gwaji su ɗebi samfurin man boris tun da safe.