Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Muka Karya Farashi

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya damƙa mini littafin otal ya tafi jinya. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ɗana, araha ba ta ado." Na ce, "To, Kawu," amma a raina na ɗauke ta maganar tsofaffi.

Ɗakuna 40 gare mu, yawancin dare ɗakuna 24 ke da baƙi. Sai wani sabon otal ya buɗe a tsallaken titi. Yaya ya tasa ni gaba, wai in ba mu sauko ƙasa da su ba za su kwashe mana mutane. Na rage kashi 20 cikin ɗari. Baƙi kuwa suka ƙaru, muka kai ɗakuna 28, Yaya sai murna yake yana ƙirga makullan da suka bar allo.

Ƙarshen wata na zauna da biro. Ɗaki 24 a cikakken kuɗi ya fi ɗaki 28 a ragaggen kuɗi kawo ciniki. Sai mun cika 30 kafin ma mu koma inda muke. Ga wankin zanen gado ya ƙaru, ga sabulu, ga wuta, ga masu shara suna kaiwa dare. Mako uku ba a yi ba maƙwabtan namu su ma suka rage, 'yan baƙin da muka jawo suka koma. Araha ba ta ado.

Shekaru bayan haka, lokacin har na bar aikin, ɗiyata ta karanta mini binciken da malaman Jami'ar Cornell ta Amurka suka fitar a 2004. Sun gano otal ɗin da ya sauko ƙasa da abokan gasarsa yana ƙara cika ɗakuna, amma kuɗin da kowane ɗaki ke kawowa raguwa yake yi. Na yi shiru, hawaye suka zo mini, don Kawu bai taɓa shiga aji ba.

Mayar da farashin shi ya fi wuya. Tsofaffin baƙinmu da ba su taɓa neman ragi ba suka riƙa cewa mun yi musu ƙari. Da Kawu ya dawo ya buɗe littafin, bai ɗago kai ba ya tambaya, "Wa ya kawo shawarar?" Yaya yana tsaye a gefena, ya kau da fuska. Har yau, in an taru, Yaya cewa yake ni na kusa durƙusar da otal ɗin.