Shuɗin Allo a Kwamfutar Ɗan Kasuwar Goro: Yadda Na Kamo Direban Da Ya Ɓoye

Yawancin waɗanda ke kawo mini kwamfuta mai shuɗin allo, wato wadda Windows ke tsayawa cak allonta ya koma shuɗi da saƙon kuskure, a shagona da ke Aboabo, Kumasi, tun daga gida sun yanke mata hukunci: ko ram, ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, ya lalace, ko faifan ajiya ya mutu, ko dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya ƙona wani abu a ciki. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma akwai cutar da ba ruwanta da ƙarfe, kuma ita ce ta fi sa mutane asarar sidi a banza, domin ana ta canja kayan da lafiyarsu ƙalau.

Wani Alhaji ɗan kasuwar goro, mai aika kaya Kano da Sakkwato da Agege, ya zo da akawunsa ɗauke da kwamfutar ofis mai Windows 10. Da rana tana aiki lafiya, amma kusan kullum da safe sai a tarar ta kashe kanta ta sake tashi cikin dare. An riga an kai ta wurin wani mai gyara, ya canja ram, ya karɓi kuɗi, matsala tana nan.

"Ɗana," in ji Alhaji, "ni ba na'urar ce damuwata ba. Bashin mutane ne a ciki, da nawa da ake bina."

Na ce, "Baba, in sha Allahu ba abin da zai salwanta. Sai na kwashe komai kafin in taɓa ta."

Haka na yi. Na tayar da ita da Linux daga filashi, na kwafe takardun lissafinsa zuwa wani faifai daban. Na gwada ram da MemTest86 har gari ya waye, babu kuskure. CrystalDiskInfo ya nuna faifan lafiya lau. Sai na juya kan akawu, na tambaye shi me kwamfutar ke yi da dare bayan kowa ya tashi. Ya ce ya saita wata manhajar ajiyar kwafi ta riƙa ɗaukar hoton faifan gaba ɗaya da ƙarfe goma. Na duba Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, sai ga lokutan faɗuwar duk sun taru jim kaɗan bayan goma. Ram mai matsala ba ya duba agogo.

Irin waɗannan manhajojin ajiyar kwafi ba a sama suke tsayawa kamar Word ko Excel ba. Domin su kwafi faifai alhali ana aiki da shi, wasu suna dogara da VSS, tsarin ɗaukar hoton faifai na Microsoft, wanda ya zo tun zamanin Windows XP, wasu kuma suna dasa nasu direban, wato ƙaramar manhaja mai shiga tsakanin Windows da na'ura, a cikin zuciyar Windows, ya riƙa lura da duk wurin da aka canja a faifai. Direbobin nan jere suke, kamar shingayen da motar goro ke ratsawa kafin ta kai Aflao: duk bayanin da zai shiga faifai ko ya fito sai ya bi ta hannun kowannensu. Idan manhaja ta yau da kullum ta yi kuskure, ita kaɗai ke rufewa. Idan direba ne ya taɓa wurin da bai kamata ba a ƙwaƙwalwa, Windows tsayar da komai take yi da gangan, don kada ɓarnar ta kai ga bayanan da ke faifai. Duniya ta ga girman wannan a ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da sabuntawar kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft.

Yawanci faɗuwa tana barin shaida a C:\Windows\Minidump, kuma abin da ke damuna shi ne yadda masu gyara da yawa ba sa leƙa wurin. Na buɗe fayilolin da WinDbg, manhajar binciken faɗuwa ta Microsoft, na buga !analyze -v. Lambar tsayawar 0xD1 ce, DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Sunan da ya fara bayyana na wani ɓangaren Windows ne, kuma nan ne mutane ke ruɗewa su ce a goge komai a sake lodi. Wanda aka tarar a wurin faɗuwa ba lallai ne shi ya jawo ta ba. Da na bi jerin kiraye-kirayen zuwa ƙasa, sai na ga wani fayil mai ƙarshen .sys wanda ba na Microsoft ba ne, ba kuma na manhajar da akawu ke amfani da ita ba. Kwanan watansa ya girmi sauran direbobin da shekaru.

Na tambayi akawu ko ya taɓa sa wata manhajar ajiya kafin wannan. Ya yi shiru, sannan ya ce e, akwai wata ta kyauta da ya gwada, amma ya cire ta tuntuni. Ya cire ta kam, babu sunanta a jerin manhajoji. Sai dai direbanta bai tafi ba. Yana nan yana tashi tare da Windows kullum, yana tsaye kan hanya ɗaya da sabon, kuma da zarar an fara ɗaukar hoton faifai sai su yi karo.

Ban so in yanke hukunci da zato ba, don haka na kunna Driver Verifier, kayan Windows na gwada direbobi, na zaɓi direbobin da ba na Microsoft ba kawai, na sa manhajar ta fara aiki da rana tsaka. Nan take allo ya yi shuɗi da lambar 0xC4, da sunan tsohon direban ƙarara. Wanda zai gwada wannan ya fara sanin yadda ake shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobin da suka zama dole kawai, domin Verifier na iya hana kwamfuta tashi, kuma maganinsa buga verifier /reset a can.

Cirewar ce ke buƙatar natsuwa. Umarnin fltmc yana nuna matatan da ke kan tsarin fayiloli, amma wannan direban bai fito a ciki ba, saboda shi a kan faifan kansa yake zaune. Sunansa yana cikin rajistar Windows, ma'ajiyar saitunanta, ƙarƙashin Control\Class, a layukan UpperFilters da LowerFilters. Rukunin faifai lambarsa ta fara da 4d36e967, na ɓangarorin faifai kuma da 71a27cdd. A na farko akwai partmgr, a na biyu akwai volsnap. Waɗannan na Windows ne, ba a taɓa su. Na ajiye kwafin rajistar, na goge sunan baƙon shi kaɗai daga layin, na sake tayar da kwamfutar, sai daga baya na cire hidimarsa da sc delete, na goge fayil ɗin. Tsarin nan ba a juya shi. Wanda ya fara goge fayil ya bar suna a rajista, Windows za ta nemi direban lokacin tashi ta rasa, sai ta tsaya da 0x7B, INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, mai kaya ya ɗauka faifansa ya mutu. In kamfanin manhajar yana da nasa kayan share ragowa, gara a fara da shi kafin a sa hannu a rajista.

Bayan haka na sabunta manhajar da ake amfani da ita, na bar kwamfutar ta kwana tana aikinta har na gamsu. Sai na duba ajiyar da aka tara a baya, abin da ya fi tayar mini da hankali kenan: kusan duk kwafin watannin nan guntaye ne, domin faɗuwar tana katse aikin a tsakiya. Alhaji yana barci da tunanin lissafinsa yana da madadi, alhali babu. Na ɗauki sabon kwafi cikakke, na mayar da shi kan wani faifai a gaban akawu, muka buɗe takardar bashin Kano muka ga ta buɗe daidai. Na roƙe shi ya riƙa yin wannan gwajin duk wata, ya kuma ajiye faifan waje a gida, ba a ofis kusa da kwamfutar ba.

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka Alhaji zai koma Windows 11 ko ba jima. Na rubuta wa akawu a takarda cewa kafin ranar komawar ya tabbatar manhajar ajiyar tana da sigar da ta dace da sabon tsarin, domin Windows 11 tana da kariyar da ke ƙin karɓar wasu tsofaffin direbobi, kuma kada ya sake ɗora manhajar ajiya ta biyu a kan ta farko sai ya kawo mini na duba layukan nan biyu na rajista.