Rassawa: mutanen da ƙahonsu ke faɗuwa duk shekara

Wata uku ke nan ina kan zanen wani ƙirƙirarren jinsi, rabi mutum rabi barewa, waɗanda za su zauna a duniyar tatsuniyar da nake ginawa. Na raɗa musu suna Rassawa. Barewar da nake nufi ita ce ta dazuzzukan ƙasashen sanyi, wadda ƙahonta ke yin rassa kamar bishiya, ba mai miƙaƙƙen ƙaho ba.

Tun farko na yanke cewa ƙafa biyu za su yi, ba huɗu ba. Siffar mutum-doki ta tatsuniyoyin Girkawa tana da kwarjini, amma ni ina so in ga mutanena sun zauna a ƙasa suna saƙa, sun hau tsani, sun goyi yaro.

Ƙafar ce ta fara ba ni wuya. Zanena na farko duk sun fito kamar mutumin da gwiwarsa ta karye ta juya baya, har sai da na zauna da hoton ƙwarangwal ɗin barewa na bi ƙashi ɗaya bayan ɗaya. Ashe gaɓar nan da ke lanƙwasa baya ba gwiwa ba ce, diddige ne. Gwiwar gaskiya tana can sama kusa da ciki, kuma gaba take kallo kamar tamu. Barewa a kan yatsu biyu take tafiya, kofato ne farcensu, sai wasu ƙananan yatsu biyu a baya da ba sa taɓa ƙasa sai a cikin laka ko ƙanƙara. Da na gane haka sai na gajarta cinyar, na cika ta da tsoka, na ɗan karkato ƙirji gaba domin nauyin jiki ya sauka daidai kan kofato. Daga ranar Barassai ya tsaya da ƙafarsa a takarda, bai ƙara yin kamar zai kife ba.

Fuska kuwa ta mutum na bari, domin a nan mai kallo yake neman tausayi da fushi. Abu uku kawai na aro. Kunnuwa dogaye masu juyawa kowanne da kansa, ƙwayar ido shimfiɗaɗɗiya a kwance, da idanun da na ɗan raba su zuwa gefe. Na gwada kai su can gefen kai kamar na dabbar, sai fuskar ta zama abin tsoro, na mayar da su. Kunnuwan su suka fi yi mini aiki: ɗaya ya juya baya yayin da baki ke murmushi, ka san mutumin nan hankalinsa ba a kwance yake ba.

Sai ƙaho, wanda shi ne ya canza mini komai. Ƙahon saniya ko na akuya yana nan daram har dabba ta mutu. Na wannan barewa ƙashi ne zalla, kuma duk shekara yake faɗuwa wani ya tsiro. Lokacin da yake girma, wata fata mai laushi mai cike da jijiyoyin jini ce ke lulluɓe shi, yana da ɗumi, taɓa shi da ƙarfi ciwo ne. In ya gama girma fatar ta bushe, dabba ta goge ta a jikin bishiya, ta rataya tsumma-tsumma da jini. Wajen wapiti, wata babbar barewa ta Arewacin Amurka, ƙahon kan ƙaru da kusan santimita 2.5 a rana ɗaya.

Da na karanta wannan sai na ajiye fensir na fara tambaya. Mai irin wannan kai ta ina zai sa riga? Ba zai zura ta ta wuya ba, don haka duk tufafin Rassawa naɗawa ake yi ko a ɗaure a kafaɗa. Ƙofofinsu masu faɗi ne a sama. Ba sa kwanciya rigingine, suna da abin tokare wuya. Wuyan ma sai da na ƙara masa kauri, na ɗaga tsokar da ke haɗa shi da kafaɗa, domin siririn wuya ba ya ɗaukar wannan kaya. Na ga zane-zane da yawa masu kyau inda aka ɗora wa siririyar yarinya ƙaho mai faɗin hannu biyu, kuma duk kyawunsu raina ba ya yarda da su.

Maganar mata ma dabbar ce ta warware mini ita. A yawancin ire-iren barewar nan maza ne kawai ke da ƙaho, amma rendiya ta yankin ƙanƙara mace ma tana yi. Mazan sukan zubar da nasu a farkon hunturu, masu ciki kuwa suna riƙe nasu har lokacin haihuwa. Sai na ce to, a wajen Rassawa mulkin hunturu na mata ne, su ke rabon abinci, su ke yanke hukunci, maza na zaune da kai fayau.

Ba ni ne farkon wanda ya ɗora wa mutum irin wannan ƙaho ba. A jikin tukunyar azurfa ta Gundestrup da aka tono a Denmark a 1891 akwai mutum mai ƙaho mai rassa, ya tanƙwashe ƙafa, maciji a hannu ɗaya, barewa a gefensa. Zamansa nake so, natsuwar da ke cikinsa.

Zanen da ke kan teburina yanzu na wani dattijo ne a safiyar da ƙahonsa na hagu ya faɗi. Na dama yana nan, don haka kansa ya karkace, ya riƙe wanda ya faɗi da hannu biyu. Jikarsa na tsaye a gefe, fararen ɗigo-ɗigon yarinta irin na ɗan barewa ba su gama ɓacewa daga kafaɗunta ba. Kunnuwanta ne suka rage mini, ina so duka biyun su fuskanci kakan.